Sun ce jirgina ya fi gurbin tsawo, in yanke bayansa?

Malam, na ga tambayarka, kuma tun ban kai ƙarshenta ba na ce a raina wannan bawan Allah yana dab da yin gyaran gangar auzinawa. Ka ce jirgin ruwanka na faiba ne, mai tafiya da iska amma akwai ɗan injin dizal a cikinsa, takardunsa sun ce ƙafa 30 ne, sai ga shi da ma'aikacin marina ya zo da tef ɗinsa (marina ta ajiye ƙananan jiragen ruwa nake nufi, ba ta masu rini ba) ya auna ya samu ƙafa 33 da inci 6, alhali gurbin da suka yi maka alkawari iyakarsa ƙafa 32. Shi ne kake tambaya ko za ka iya sa a datse ƙafa biyu daga bayan jirgin a sake rufe shi, tunda dai wurin babu komai sai iska.

Za a iya, ba abin da zarto ba ya ci. Amma don Allah ajiye zarton nan tukuna. Na daɗe ina aikin gyaran jiragen nan, kuma kusan duk wanda ya zo min da irin maganarka, tsawon da yake damunsa ba a gangar jikin jirgin yake ba, yana cikin tarkacen da aka rarrataya masa gaba da baya. Inci 18 kawai kake nema, kuma daga yadda ka kwatanta jirgin, da sandar goshi (wadda ta leƙo gaba daga hancin jirgi), da dandamalin sauka ruwa a baya, da ƙarafen rataye ƙaramin kwalekwale, ina ganin inci 18 ɗin nan za su fita da sifana, ba sai an kai ga zarto ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa kai da ma'aikacin nan duk kuna da gaskiya, don na ga kamar ranka ya ɓaci kana ganin cuta ce. Jirgi ɗaya tsawo uku gare shi a ƙalla. Akwai tsawon da yake taɓa ruwa, wato daga inda goshi ya shiga ruwa zuwa inda baya ya fita, shi ne mafi gajarta. Akwai tsawon gangar jiki, daga hanci zuwa allon baya, ban da duk wani abu da za a iya kwancewa ba tare da an ɓarnata jirgin ba. Sannan akwai tsawon gaba ɗaya, wanda za ka ga an rubuta LOA a takardar yarjejeniya, kuma a wurin masu tasha ma'anarsa duk abin da ya leƙo: sandar goshi, anka da ke rataye a hanci, ƙarfen kariya na gaba, tsani, dandamali, injin ratayawa, kwalekwalen da ke lilo a baya, kai har sandar tuta wasu suna haɗawa. Akwai ma ƙa'idar ƙasa da ƙasa, ISO 8666, da ta raba tsawon gangar jiki da tsawo mafi girma, kowanne da yadda ake auna shi. Kamfanin da ya ƙera jirgi yana ba shi suna ne da abin da ya ga zai sayu, lambar da ke jikin sunan sau tari kusa take da tsawon gangar jiki, ba ruwanta da abin da mai shi na farko da na biyu suka zo suka ƙaƙƙara. Dubi jirgin Westsail 32, sunansa 32, kuma benensa, wato saman da ake takawa, ƙafa 32 ne ɗin, amma in ka haɗa sandar gaba da 'yar sandar baya ya doshi ƙafa 40. Ka ga naka ma da sauƙi.

Su kuma masu tasha ba don mugunta suke tsaurarawa ba, ko da yake kuɗi ma na ciki, ba na musu. Hanyar ruwan da ke tsakanin layukan gurabe ana tsara faɗinta ne da tsawon jirgi mafi girma da zai juya a ciki, abin da aka saba shi ne kamar tsawon jirgin sau ɗaya da rabi ko ɗan fiye. In kowa ya leƙo da ƙafa biyu daga dama, na hagu ma ya leƙo da biyu, hanya ta tsuke da ƙafa huɗu, ranar da iska ta taso wani ya zo zai juya sai ka ji ƙaram, kuma kwalekwalenka ne zai sha dukan. In kuma ka ce bari ka matsa gaba don baya ya shige, to sandar goshi da anka sun hau kan gadar da mutane ke bi, daidai tsayin fuskar yaro ko cikin babba, da dare. Shi ya sa ba sa wasa da maganar.

To abu na farko, auna da kanka. Kar ka shimfiɗa tef a kan bene kana bin lanƙwasa, wannan awon ƙarya ne, kullum ya fi gaskiya tsawo. Ka ɗaure jirgin ya tsaya cak kusa da gada ranar da ruwa ya kwanta, ka sami zare mai ɗan nauyi a ƙasa irin wanda magina ke duba miƙewar bango da shi, ka sake shi daga abu mafi leƙowa a gaba, ka yi alama a kan gada daidai saitinsa, ka yi haka a baya, sai ka auna tsakanin alamomin biyu. In jirgin yana tudu ma ya fi sauƙi, alli kawai za ka sa a ƙasa. Kuma kar ka tsaya a alama biyu, yi wa kowane abu tasa: nan hancin gangar jiki, nan ƙarshen sanda, nan bakin anka, nan allon baya, nan ƙarshen dandamali, nan ƙarshen ƙarafen kwalekwale. Cikin rabin awa za ka ga inda inci 42 ɗin da suka ƙaru suke zaune, kowanne da rabonsa. Mutane da yawa suna kwance abin da ba shi ne ya fi leƙowa ba, su sha wahala, a sake awo a samu tsawon bai motsa ba ko inci ɗaya, saboda a kowane gefe abu guda ne kawai ake ƙirgawa, wanda ya fi kowa fita. In ƙarafen kwalekwale sun wuce dandamali da inci 6, cire su inci 6 kaɗai zai ba ka, sauran yana wurin dandamalin.

Na biyu, kafin ka taɓa ko noti ɗaya, je ofishin ka nemi su rubuta maka yadda suke awo. A rubuce fa, ba da baki ba, don ma'aikaci yana canzawa, wanda ya ce maka ba komai bana, baɗi wani ne a kujerar. Tambaye su: in dandamali mai naɗewa ne, a naɗe za ku auna ko a buɗe? In sandar goshi tana ɗagawa sama, kun yarda? Kwalekwale in yana kan bene ba a rataye ba fa? Akwai rangwamen 'yan inci ko babu sam? Wasu wuraren suna barin ka leƙo kaɗan ka biya na abin da ya leƙo, wasu suna cajin wanda ya fi tsawo tsakanin jirgi da gurbi shi ke nan, wasu kuma ko inci ba sa ɗagawa. Kuma ka tambayi faɗi da zurfi a zama ɗaya. Na taɓa ganin wani da ya kashe wata guda yana rage tsawo, ya gama ya kawo jirgi, ashe faɗin gurbin bai isa a sa robobin kariya a gefe biyu ba, haka ya koma layin jira da jirginsa gundul.

Yanzu abubuwan da suke fita ba tare da jirgi ya ji ciwo ba. Kwalekwale ya koma kan bene na gaba a kife, ko in na roba ne a sace iskar a naɗe. Ƙarafen rataye shi yawanci ɗaure suke da bol da noti, wasu ma suna juyawa ciki in ka zare fil guda. Anka a sauke ta daga hanci a sa a ma'ajiyarta lokacin da kake tasha, amma ka saba mayar da ita wurinta kafin ka kwance igiya, domin ranar da inji ya mutu a bakin mashiga anka ce birkinka, ba lokacin tone-tone ba ne. Tsani a naɗe. Ga masu jirgin inji da za su karanta wannan, injin ratayawa in an ɗaga shi yana iya ƙara ƙafa ɗaya zuwa biyu a baya, in an sauke ya miƙe sai tsawon ya ragu, to amma barin ƙafar inji cikin ruwan gishiri wata da watanni yana jawo ƙwari da gansakuka su manne, ga cin ƙarfe, dole ka riƙa duba 'yan guntayen ƙarfen nan da ake ɗaura wa inji don tsatsa ta cinye su a maimakonsa, ka kuma shafa fentin da ya dace da alminiyam, ban da mai jan ƙarfe a ciki. Wannan ciniki ne, ka ba da wani abu ka karɓi wani.

Dandamalin baya shi ne inda nake sa ran za ka samu abin da kake nema. Leƙa ta cikin jirgi ka duba bayan allon. In ka ga notuna da faranti a ciki, to ɗaura shi aka yi daga baya, zai fita. In kuwa ba ka ga komai ba, faiba ta zarce santal daga gangar jiki zuwa dandamalin, to tare aka zuba su, wannan gangar jiki ce, maganarsa tana gaba. Mu ɗauka ɗaurarre ne. Wahalar ba a notunan take ba, a gam ɗin da aka shafa take. In wanda ya ɗaura ya sa 3M 5200, to ka shirya haƙuri, wannan gam ɗin an yi shi ne don kar ya saki har abada, in ka sa ƙarfi ka ɓanɓare zai taho da fatar jirgin. Siririyar waya ake zurawa tsakani ana ja kamar ana yanka sabulu, da 'yan katakai masu tsini ana turawa a hankali, da ɗan ɗumi kaɗan ba mai ƙona ba. In za ka sake ɗaura wani abu da kake tunanin wata rana za a cire, 4200 ya ishe ka.

Sai ramukan da aka bari, kuma a nan ne mutane ke yin sakaci su kashe jirgi a hankali ba su sani ba. Allon baya na jiragen faiba da yawa ba faiba ce zalla ba, akwai katakon filawud a tsakiya an lulluɓe shi ciki da waje. Rami ɗaya da aka toshe da silikon aka manta ya isa ruwa ya riƙa tsatsafowa yana shiga katakon, shekara uku huɗu sai ka ƙwanƙwasa ka ji luɓus. Don haka in ka zare bol, dubi garin da ya fito. In fari ne busasshe, alhamdulillahi. In baƙi ne mai danshi yana wari, ka tsaya, aikin ya canza, sai an bi an ga iya inda ruɓar ta kai. In lafiya lau ne, ka ɗan faɗaɗa ramin, ka bar shi ya bushe sosai, ka jiƙa cikinsa da ruwan gam na efoksi tsarara, sannan ka cika da efoksi mai kauri, ramukan da ke kusa da ruwa ko ƙarƙashinsa kuma ka gurza kewayensu ka ɗora ƙyallen faiba, cikawa kaɗai ba ta isa ba. In kuma ba ka son rasa dandamalin gaba ɗaya, mai walda zai yi maka shi da hinjis na sitenles 316 ya riƙa naɗewa sama ya kwanta jikin allo, inci 20 su koma inci 4 ko 5. Sharaɗin dai a sa faranti mai kauri ta ciki, don ƙato in ya fito daga ruwa ya taka bakin dandamalin, duk nauyin a kan waɗannan 'yan bol ɗin yake sauka yana neman fizge su.

Sandar goshi kuwa sai an yi hankali, domin iri biyu ce kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai wadda aikinta kawai riƙe anka nesa da hanci, ko ɗaura babban ƙyallen iska mara nauyi na ranar da iska ta yi sanyi. Wannan za a iya gajarta ta, ko a mayar da ita mai zarewa. Ba sabon abu ba ne, jirgin J/105 tun 1991 ya fito da sanda mai shigewa cikin jirgi, kuma tun kafin nan da daɗewa tsofaffin jiragen katako na Ingila suna janye sandunansu ciki in sun shigo tasha, na Holan kuma suna ɗaga nasu sama, duk saboda cunkoso irin wanda kake fama da shi yau. Ɗaya irin kuma ita ce wadda wayar gaba mai riƙe jigo (doguwar sandar tsaye da ke ɗauke da ƙyallayen iska) take ɗaure a bakinta, sannan wata waya ko sarƙa ta sauko daga bakin zuwa goshi kusa da ruwa tana ja ƙasa. In taka irin wannan ce, to sandar tana cikin abin da ya tsayar da jigon nan tsaye. Kwance ta ba tare da ka fara ɗaure jigon da igiyoyi zuwa gaba ba, jigo zai iya faɗowa baya, a kanka ko a kan jirgin maƙwabci.

Ko da an yi komai a tsanake, gajarta irin wannan sandar yana canza halin jirgi. Wanda ya zana shi ya daidaita inda iska ke tura ƙyallaye da inda ruwa ke tokare ƙasan jirgi, kamar ma'auni mai kwano biyu. In ka jawo ƙyallen gaba baya da ƙafa ɗaya da rabi, ka kuma rage girmansa don dole sai an sake yanka shi ya dace da sabuwar waya, to ƙarfin iska ya koma baya, jirgin zai riƙa neman juya hancinsa inda iska ke fitowa, kai kuma kana kokawa da sitiyari yini guda, allon juyawa, wanda sitiyari ke murɗawa a ƙarƙashin jirgi, yana karkace cikin ruwa yana ja kamar birki. Ana iya gyarawa, a miƙe jigo gaba kaɗan, a rage babban ƙyalle da wuri, amma jirgin da ka saya ka so ba shi ne za ka ci gaba da tuƙawa ba. Sannan inda za a mayar da wayar a kan hanci dole ya zama wurin da aka gina don ɗaukar wannan jan, ba bene kawai ba. In dole ne sai an taɓa ta, ni na fi son a yi mata hinjis ta ɗaga sama a tasha, da wata waya ta ciki da za ta riƙe jigo lokacin da ta gaba ta saki, a bar tsawonta yadda yake in an fita.

Ƙarfen kariya na gaba shi ma wani lokaci yana leƙowa da inci 8 ko 10, mai walda zai iya yanke shi ya ja shi baya. Ka dai tuna fitilun dare sau da yawa a jikinsa suke, ja a hagu kore a dama, kowacce dokar teku ta ce ta haska digiri 112.5, farar ta baya kuma 135. In an matsar da su ka tabbata anka ko naɗaɗɗen ƙyalle ko dandamalin da ka ɗaga bai tare su ba.

To mu zo kan abin da ka tambaya na ainihi, yanke gangar jiki. Ka ce wurin babu komai sai iska. Shiga da tocila ka kwanta ka duba da kyau. A ƙafa biyun ƙarshe na jirgi irin naka yawanci akwai inda wayar baya mai riƙe jigo ta kama, akwai bakin salansa, akwai bututun da ke zubar da ruwan wurin zama, akwai ƙusoshin ɗaure igiya, wani lokaci sandar allon juyawa ma nan kusa take fitowa, kuma a nan ne bene da gefe biyu da ƙasa suke haɗuwa su kama juna. Allon baya shi ne murfin da ya hana akwatin murɗewa. Ka cire shi ka matsa gaba, duk waɗannan sai an sake musu gida.

Kuma iskar nan da ka raina, ita ce take ɗauke da kai. Kowace mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi ta jikin jirgi da ta nutse a ruwan teku tana ɗaukar kilo 1025. A jirgin inji, inda baya yake da faɗi kuma a nutse, lissafin a fili yake: ka yanke santimita 60 daga baya mai faɗin mita 2.4 da ya nutse santimita 25, ka zubar da abin da ke ɗaukar kilo kusan 370, daidai wurin da inji da batir da mutane suke taruwa. Baya zai zauna, ramukan zubar da ruwa da suke sama da ruwa su koma ƙasa su fara shigo da shi, in an taka wuta kuma hanci ya riƙa sama da ƙasa kamar doki mai tutsu. A jirgin iska irin naka, ƙila bayan a sama da ruwa yake in yana tsaye a tasha, shi ya sa kake ganin banza ne. Amma da ya kwanta gefe cikin iska, ko mutum huɗu sun zauna a baya, ko igiyar ruwa ta biyo ku, wannan ɓangaren ne yake shiga ruwa ya ɗaga ku. Maganar gudu kuwa ba zan tsorata ka da ita ba, ba ta da yawa: lissafin da aka saba, 1.34 sau tushen tsawon layin ruwa a ƙafa (lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka tsawon), yana ba jirgi mai layin ruwa ƙafa 25 mil na teku 6.7 a awa, in ya koma 23 ya ba shi 6.4. Ba wannan ne zai dame ka ba.

Abin da zai dame ka shi ne haɗin. Lokacin da aka zuba jirgin a masana'anta, faibar duk ta daskare tare ta zama jiki ɗaya. Sabuwar da za a ɗora yau a kan tsohuwa mannewa kawai take yi, ƙarfinta ya dogara da yadda aka gurza da yadda aka tsabtace da irin ruwan gam ɗin, shi ya sa ake amfani da efoksi, ya fi foliyesta kama tsohon jiki. Ƙa'idar da muke bi ita ce gangara 12 bisa 1, wato in kaurin jiki milimita 10 ne sai an gurza gangara mai faɗin milimita 120 kewaye da bakin yankan kaf, a jera ƙyalle hawa-hawa, sannan a sake kama sabon allon ta ciki. Kuma cikin nan matsattse ne, mutum yana kwance a gefe yana gurza ƙurar gilashi, in ba da abin rufe hanci na gaske ba huhu ne zai biya, in kuma akwai tankin fetur kusa ka tuna tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsi ɗaya. Gwani zai iya yin aikin ya yi ƙarfi, ban ce ba zai yiwu ba. Amma a ƙirga zane daga injiniyan jirgi, da fitar da jirgi tudu na makonni, da fenti don launi ba zai taɓa dacewa da tsoho ba sai an bi gefen duka, za ka ga ya haura bambancin kuɗin gurbi mafi girma na shekaru masu yawa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ga kuma takardu, waɗanda ba wanda yake tunawa da su sai an gama. Lambar shaidar jirgi a jikin allon baya take, sama ta hannun dama. A Amurka tun 1972 doka ta wajabta ta, harufa da lambobi 12, kuma cire ta ko canza ta ba da izini ba laifi ne. A Turai dokar 2013/53/EU, mai kula da jiragen shaƙatawa daga mita 2.5 zuwa 24, ta ce in aka yi wa jirgi babban sauyi sai an sake tantance shi kafin a sa shi kasuwa ko a fara aiki da shi. Ban da wannan, duk inda kake, rajista tana ɗauke da tsawo, inshora ma haka. In ka yanke ba ka gaya wa kamfanin inshora ba, ranar da wani abu ya faru sun samu ƙofar fita a buɗe. In ka gaya musu, za su ce a kawo mai binciken jirgi ya duba ya sa hannu. Ranar sayarwa kuwa, mai saye yana jin an taɓa datse shi zai fara ja da baya, ko aikin ya fi na masana'anta kyau, domin ba shi da yadda zai gani da idonsa abin da ke ƙarƙashin fenti. Gurbin nan haya ce, shekara biyu ƙila ka bar wurin ko su canza doka, yankan kuwa ya zauna ke nan.

Don adalci, akwai inda yanka yake da ma'ana. Dogayen jiragen ƙarfe na magudanan ruwan Ingila, masu faɗin ƙafa 6 da inci 10, ana ƙara musu tsawo ana ragewa, don wasu ƙofofin ruwan ba sa ɗaukar abin da ya wuce ƙafa 57 da 'yan inci. Amma dubi dalili: tsakiyarsu miƙaƙƙiya ce kamar akwati, a tsakiyar ake yanka a cire yanki a turo a yi walda, goshi da baya ba a taɓa su ba, waldar kirki kuma tana mayar da ƙarfe jiki ɗaya. Jirginka babu ƙafa ɗaya a jikinsa da ta yi kama da ta kusa da ita, ko'ina lanƙwasa ne. Sai kuma in wani mai shi na baya ne ya ƙara wa jirgin gindi da faiba, asalin allon yana nan a ciki lafiya. Wannan cire shi mayar da jirgi ne yadda aka zana shi, ba ni da ja, a dai duba ko an huda asalin allon ko an mayar da wayar baya kan ƙarin.

Kafin duk wannan ma, ka sake zama da mai kula da tashar cikin mutunci. Tambaye shi gurbin ƙarshen gada, inda jirgi ke kwanciya a gefe ba ya tare wa kowa hanya, can ba a cika damuwa da inci 18 ba. Tambaye shi ko in ka shiga da baya awon zai canza, don wani gurbin sanda a kan ruwa ba ta damun kowa, a kan gada ne take zama matsala, wani kuma akasin haka. Sa sunanka a layin gurbi na gaba da wannan, ka karɓi wannan na wucin gadi. Akwai kuma ɗaurewa a tsakiyar ruwa a jikin tulun da aka kafa, in wurin yana da su kuma ba ka ƙi shiga kwalekwale ba.

In ni ne kai, ranar Asabar zan zo da zare da alli in yi alamomin nan. Ina kyautata zaton za ka ga baya ya ci inci 20 zuwa 24 tsakanin dandamali da ƙarafen kwalekwale, sauran na gaba. In haka ne, ƙarafen su sauka ko su juya ciki, dandamali ya samu hinjis, anka ta shiga ma'ajiya, sandar goshi a bar ta yadda take, ka sauko ƙasa da 32 har da ɗan rara. Notuna da faranti da duk abin da ka kwance ka zuba a jaka ɗaya ka rubuta sunansu, mai saye na gaba zai so su. In ka gama ka kira ma'aikacin nan da tef ɗinsa ya sake aunawa kana tsaye, ya rubuta adadin da kwanan wata a jikin yarjejeniyar ya sa hannu. In kuma awon ya nuna maka wani abu daban, turo min adadin kowace alama da hoton cikin allon baya da na bakin sandar, musamman inda wayoyin suka kama, sai mu ga wanne za a fara taɓawa.